Elmina: Tashar Masunta da Ta Iso Bayan Kifi Ya Ja Baya

Ranar Talata ba a shiga teku a Elmina. Tsohuwar doka ce ta masuntan Fante a ƙasar Ghana, kuma har gobe tana aiki. In kana son ganin yawan jiragen garin, ranar za ka tsaya a kan gadar da ta ratsa tafkin Benya ka leƙa ƙasa. Kwalekwale ne jingim, wannan ya goga wancan, kowanne da tutocinsa da fentinsa da sunan da mai shi ya rubuta masa a gefe, har da ƙyar kake hango ruwan da suke kai. Gefe guda ga farar ganuwar da Turawan Fotugal suka kafa a 1482. Can bakin teku kuma ga sabuwar tashar masunta da aka buɗe a watan Mayun 2023, wadda ta ci kimanin yuro miliyan 84.

Shekara 541 ke tsakanin gine-ginen biyu. A duk tsawon wannan lokaci masunta na nan a bakin Benya, amma ba a taɓa kashe wa sana'arsu kuɗi irin wannan ba sai yanzu. Kuma kuɗin sun zo a daidai lokacin da kifin da garin ya dogara a kai ya ragu ƙwarai. Wannan ne ya sa na ɗauki Elmina don nazari: yadda wurin ya zama tasha tun farko, waɗanda suka ci moriyarsa a zamani daban-daban, da abin da siminti zai iya gyarawa da wanda ba zai iya ba.

Bakin Benya

Gaɓar tekun Ghana ba ta da sauƙi. Kusan ko'ina yashi ne miƙaƙƙe, igiyar ruwa kuma tana dukan gaɓa da ƙarfi dare da rana, ba lungun da jirgi zai fake. A yawancin garuruwan bakin teku, masunta sai sun kutsa ta cikin igiyar nan kafin su fita, in sun dawo kuma a taru a ja kwalekwale da igiya zuwa tudu. Elmina ta sha bamban. Garin yana kimanin kilomita 12 yamma da Cape Coast, a inda tafkin Benya ya buɗe baki ya haɗu da teku. Wani siririn tsauni na dutse ya miƙe tsakanin tafkin da teku, ya tare igiya. In ruwa ya cika, jirgi ya shigo ta bakin, ya kwana cikin ruwa mai sanyin hali. A bayan tafkin kuma akwai fadamar da ake tare ruwan teku, rana ta busar da shi ya bar gishiri. Wurin fakewa da gishirin adana kifi a waje ɗaya: wannan shi ne asalin arzikin garin.

Mutanen garin ba Elmina suke kiransa ba, Edina suke cewa, tsohon sunansa kuma Anomansa, wato ruwan da ba ya ƙarewa. Labarin baka ya ce wani mafarauci, Kwaa Amankwa, ya gano wurin yana neman ruwan sha. Lokacin da Turawan Fotugal suka iso wannan gaɓa a 1471 sun tarar da ƙauye da suka laƙaba wa suna ƙauye mai ɓangare biyu, domin Benya ce iyaka tsakanin ƙasashen Eguafo da Fetu. Sunan Elmina daga kalmarsu ta mahaƙa ya samo asali, don zinariya ce ta kawo su.

Zinariya, bayi, sojoji

A watan Janairun 1482 Diogo de Azambuja ya sauka da mutum kusan 600, da duwatsun gini da aka sassaƙo tun daga Fotugal. Sarkin wurin, wanda tarihin Ghana ke kira Kwamena Ansa, bai so ba, amma aka yi ginin. Daga nan bakin Benya ya zama ƙofar da zinariyar ƙasar Akan ke fita zuwa Turai. A 1637 Turawan Holan suka ja igwa zuwa kan tudun St. Jago da ke tsallaken tafkin, suka yi ta ɓarin wuta a kan ganuwar har aka miƙa musu ita. Da yake sun san ta inda suka ci ta, sai suka gina wata ganuwar a kan tudun don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi. A zamaninsu ɗakunan ajiyar kaya na ƙarƙashin ginin suka koma kurkukun bayi, ana fitar da mutane ta wata 'yar siririyar ƙofa zuwa jiragen da ke jira a teku. Daga 1831 zuwa 1872 kuma suka kwashi 'yan Afirka kimanin 3,000 ta Elmina zuwa tsibirin Jawa na Indunusiya don aikin soja, da yawansu mutanen arewa ne da aka samo ta hannun Tonawa, wato Asante. Waɗanda suka dawo suka zauna a unguwar da har yau ake kira Tudun Jawa.

Masu rubuta tarihin Elmina sukan tsaya a ganuwa, su manta da wanda ya haɗa ganuwar da jirgi. Manyan jiragen Turawa ba sa iya matsowa gaɓa, can nesa suke tsayawa. Duk buhun kaya, duk gangar barasa, duk bawan da aka fitar, a kwalekwalen mutanen Edina ya ratsa. Gwanintarsu ta kai har Turawa na ɗaukar su haya, su tafi da su da kwalekwalensu gabas, zuwa gaɓar Togo da Binin ta yanzu, inda igiya ta fi tsanani kuma mutanen wurin ba su saba shiga teku ba. Wasunsu suka zauna can. Garin Aneho na Togo yana danganta kafuwarsa da su, al'ummar da ake kira Mina a can kuma sunan Elmina take ɗauke da shi. Wato tun ƙarni na 17 ƙwarewar masuntan nan ta zama haja da ake saye, amma tashar ba tasu ba ce. Su dai ma'aikata ne a bakin ruwan kakanninsu.

Ranar da aka ƙone garin

Ingila da Holan suka yi cinikin yankunansu, a watan Afrilun 1872 aka sauke tutar Holan aka ɗaga ta Ingila. Ba a tambayi mutanen Edina ba. Su kuwa tsofaffin abokan Tonawa ne, ta garinsu Kumasi ke samun hanyar teku, makwabtansu Fante kuma da ke tare da Ingila sun taɓa yi musu ƙawanya a 1868. Sarki Kobina Gyan ya ƙi yin mubaya'a, aka kama shi aka kai Saliyo, bai dawo ba sai 1894. Ranar 13 ga Yunin 1873, rundunar Asante na kusa da garin, Turawan Ingila suka buɗe wa tsohon garin wuta daga ganuwa da kuma daga jiragen da suka shigo Benya. Garin da ke da gidajen dutse, da mutum dubbai a cikinsa, ya ƙone ƙurmus, kuma ba a sake gina shi ba. Filin da ke gaban ganuwar a yau, nan garin yake.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, ko da ba mai daɗin ji ba ne. Cikin dakarun da Ingila ta yi wannan yaƙi da su akwai 'yan sandan Hausa da aka kawo daga Ikko, rundunar da John Glover ya kafa a 1863, akasari daga bayin da suka gudo. Daga irin wannan runduna aka samar da dakarun Gold Coast a 1879, kuma tsofaffin sojojinta na cikin waɗanda suka raya zangunan kudancin Ghana. Bahaushen da ya je Elmina yawon buɗe ido, ya san cewa akwai sawun nasa a wurin.

Bayan nan sai harka ta bar garin. Hedikwatar mulki ta tashi daga Cape Coast ta koma Akra a 1877. Jirgin ƙasa ya haɗa Sekondi da Kumasi a 1903, aka buɗe tashar Takoradi mai zurfi a 1928, ta Tema kuma a 1962. Ba mai buƙatar bakin Benya kuma. Ganuwar ta zama wurin tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896, daga baya makarantar horar da 'yan sanda, a 1979 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. Sai a wannan lokaci, da kowa ya watse, tashar ta zama ta masunta zalla.

Yadda sana'ar ke tafiya

Kifin da ya riƙe Elmina ba babba ba ne. Ɗan ƙaramin kifi ne mai yawo garke-garke, wanda Fante ke kira eban, a kasuwannin Kumasi da zanguna kuma aka fi saninsa da amane in an yi bandarsa. Masana na kiransa sardinela. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na tasowa daga ƙarƙashin teku ɗauke da abinci, garken kifin ya matso kusa da gaɓa. Wannan shi ne kakar masunci. Abin da ya samu a watannin nan uku da shi zai biya bashi, ya gyara taru, ya kai yara makaranta. Amane shi ne naman talaka a Ghana, ƙasar da kifi ke ba da kusan kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki da ake samu daga dabba. Kwandunansa na hawa mota zuwa Kumasi, Techiman, Tamale, Bolga, har su tsallaka Burkina Faso. Wanda ya san matsayin bandar Baga a kasuwannin Najeriya ya fahimci abin da ake nufi.

Kwalekwalen kuwa ba irin na kogi ba ne. Gindinsa gungume ɗaya ne na itacen wawa da ake sassaƙawa a dajin cikin ƙasa, a kawo bakin teku a ɗora masa katako a gefe. Manyan sukan doshi mita 20, su ɗauki mutum ashirin ko fiye. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka fara ɗaura musu inji a gefe, sannan tarun nailan ya maye gurbin na zare, sannan aka samu babban tarun zobe da ake kewaye garke da shi a tsuke ƙasansa kamar bakin jaka. Abu uku ɗin nan suka sauya komai. Jirgin da a da filafili da tanti ke kai shi inda ido ke hango gari, yanzu yana kwana a teku. A 1969 kuma aka ƙirƙiro murhun banda na Chorkor a wata unguwar masunta ta Akra, mai faifan waya da ake jerawa hawa-hawa, ya ba mace ɗaya damar gasa kifi mai yawa da itace kaɗan.

Maganar mata ita ce wadda baƙo ke saurin tsallakewa. Namiji ke shiga teku, amma kuɗin na hannun mace. Manyan 'yan kasuwar kifi su ke ba da kuɗin mai da na abinci kafin jirgi ya tashi, wasu ma su suka mallaki jirgin da injin, sharaɗin kuwa shi ne kifin da aka kamo su za a fara sayar wa. In an cire kuɗin da aka kashe, sai a raba saura tsakanin mai kayan aiki da ma'aikatan jirgi. Masunta na da shugabansu, apofohen, kwatankwacin Sarkin Ruwa a wajenmu, shi ke sasanta rigima da tsare dokar Talata. Mata ma na da tasu shugabar, konkohemaa, wadda ke da baki a farashin da za a buɗe kasuwa da shi. Ba takarda, ba banki, amma tsari ne da ya ɗauki dubban mutane shekara da shekaru. Ana lissafa Elmina ta uku a Ghana wajen sauke kifi, bayan Tema da Sekondi, kuma mafi yawan mutanen garin daga kifi suke ci, ko kai tsaye ko ta wata hanya: masu sassaƙa, makanikan inji, masu ƙanƙara, masu itace, 'yan dako.

Suna da nasu hutun ruwa ma tun kafin gwamnati ta san da shi. Makonni kafin bikin Bakatue ana hana su a cikin tafkin Benya. Ranar Talatar farko ta Yuli sai a fito da sarki da jama'a, a jefa taru sau uku, a buɗe ruwa. Mutumin Kabi zai tuna da Matan Fada na Argungu, inda ba a taɓa ruwan sai ranar da aka ba da izini.

Inda aka fara samun tangarɗa

Teku ba ta da shinge, kuma a Ghana kafin 2023 kusan duk wanda ya iya haɗa kwalekwale yana iya shiga. Daga shekarun 1990 gwamnati ta fara sayar wa masunta man inji mai rahusa da ake kira firimis. Niyyar taimako ce, amma ta zama abin siyasa: ba jam'iyyar da ke iya taɓa shi, ana karkatar da wani kaso zuwa kasuwar bayan fage, kuma rahusar ta sa jirage suka yi ta ƙaruwa har suka kai wajen 12,000 a faɗin gaɓar ƙasar, adadin da masana suka daɗe suna cewa ya fi ƙarfin kifin. Da kamu ya fara raguwa sai dabaru suka shigo. Ana tafiya da janareta a zura fitila cikin ruwa da dare don tara kifi. Ana amfani da taru mai ƙananan idanu da ba ya barin ko ɗan tsako. Wasu har da nakiya da guba. Dokar kamun kifi ta 2002 da ƙa'idojin 2010 sun haramta duk wannan, amma doka a takarda daban, a tsakiyar teku da tsakar dare daban. Ba na wanke masunta a nan. Sun san abin da suke yi, hujjarsu dai ita ce in na bari wani ba zai bari ba.

Sai dai babbar ɓarnar daga wani wuri ta zo, kuma ta bakin Benya ta riƙa shigowa. Sunanta saiko.

Akwai manyan jiragen ƙarfe masu jan taru a ƙasan teku, wajen saba'in da 'yan kai a shekarun da abin ya yi ƙamari. Lasisinsu na kifin ƙasan ruwa ne, kuma doka ta hana su shiga yankin masu kwalekwale. A takarda na 'yan Ghana ne, domin doka ba ta yarda baƙo ya mallaki irinsu ba, amma binciken ƙungiyar kare muhalli ta EJF ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na da alaƙa da kamfanonin ƙasar Sin. Da farko kifin da suka kamo bisa kuskure suke ba masu kwalekwale a musanya da kayan marmari ko ruwan sha, maimakon su zubar. Da aka ga akwai kuɗi a ciki sai kuskuren ya zama sana'a. Jiragen suka koma farautar eban da gangan, har da 'ya'yan da ba su kai haihuwa ba, su daskarar da shi fale-fale kamar bulo, wasu manyan kwalekwale na musamman su je tsakiyar teku su yi lodi su kawo gaɓa. Wannan sauke kaya daga jirgi zuwa kwalekwale a teku haramun ne a dokar ƙasar, amma da rana tsaka ake sauke shi a Elmina, wadda ta zama babbar cibiyarsa, sai Apam da Axim a bayanta.

Rahoton da EJF da ƙungiyar Hen Mpoano ta Ghana suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kifin saiko ya kai tan 100,000, wanda kuɗinsa a gaɓa ya haura dala miliyan 50. Kwalekwalen saiko ɗaya kan kawo a tafiya guda abin da masuncin gargajiya zai yi tafiya kusan 450 kafin ya samu. Shi kuwa sardinela da ake saukewa a ƙasar ya faɗo daga kimanin tan 135,000 a 1996 zuwa kimanin 29,000 a 2016.

Abin da ya fi ɗaure kai a lamarin Elmina shi ne garin ya tsaya a ɓangare biyu na wuƙar. Masuncin da ya dawo da taru fayau, matarsa ce za ta je ta sayi bulon saiko ta gasa don kada murhu ya mutu. 'Yan dakon da ke sauke shi 'yan gari ne. Masu kwalekwalen saiko ma 'yan gari ne, masu kuɗi da ƙungiya da kunnen 'yan siyasa. Kifin da aka sace wa mutum a teku shi ake sayar masa a gaɓa, kuma ba shi da zaɓi sai ya saya. Shi ya sa duk wanda ya ce a hana saiko yakan tarar da masu adawa da shi a cikin waɗanda yake ƙoƙarin ceta.

Matsin lamba daga waje ne ya motsa gwamnati. A watan Yunin 2021 Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi, karo na biyu bayan na 2013, abin da ke barazana ga cinikin kifin gwangwani da ƙasar ke kai wa Turai. Daga ƙarshen wannan shekara saukar saiko a fili ta tsaya a Elmina. Sai dai masu sa ido sun ba da rahoton cewa jiragen sun ci gaba da kamo ƙananan kifin, suna sauke shi cikin kwali a Tema. An toshe ƙofa, kaya suka bi ta taga.

Sabuwar tashar

A tsakiyar wannan hali aka aza harsashin tashar, a watan Agustan 2020, 'yan watanni kafin zaɓe. Kamfanin Bellsea mai alaƙa da Beljiyam ya yi aikin, Shugaba Nana Akufo-Addo ya buɗe ta a 2023. An jibge duwatsu aka yi shingayen tare igiya, aka yashe ruwa ya yi zurfi, aka cike wani yanki na teku aka yi fili. A kai aka gina dakalin ɗaure jirage, rumfar kasuwa, wurin gyaran taru, wurin jawo jirgi tudu don gyara, ofisoshi, banɗakuna, har da ɗakin renon yara.

Ba daidai ba ne a ce aikin banza ne, kuma ban yarda da masu faɗin haka ba. Matsalolin da aka yi shi dominsu na gaske ne. Bakin Benya yakan cike da yashi, jirgi ya dawo da kifi ya tsaya jiran ruwa ya cika kafin ya shiga, kifi na lalacewa a rana. Cunkoso a tafkin kan sa jirage su fasa juna. Ga dattin da gari ke zubarwa a ruwan da ake wanke kifi da shi. Ga kuma haɗarin wuta inda aka tara mai da katako da murhu a wuri ɗaya. Macen da ke yini a bakin ruwa da goyo ta san amfanin banɗaki da inuwa fiye da mai sharhi daga Akra.

Amma a duba abin da aka gina da idon mai kwalekwale. Dakalin siminti mai tsayi jirgi mai bene yake yi wa daidai. Kwalekwale gangare yake so, inda 'yan dako za su shiga ruwa zuwa ƙugu su karɓi kwano daga hannu zuwa hannu, inda mai saye ta san jirgin da ta ba kuɗin mai tun daga tutarsa. Cinikin Elmina a kan bashi da sanayya aka gina shi, ba a kan gwanjo a zaure ba. Tasha kuma in ta zama ta hukuma tana zuwa da ƙofa da mai gadi da kuɗin shiga da ƙa'ida. Ba a sauya wa mutane wurin da suka gada da yanke ƙyalle. Wanda ya tsaya a kan gada yau zai ga tafkin na nan cike da jirage kamar da.

Babbar tambayar kuma ba ta gini ba ce. Yuro miliyan 84 sun gyara hanyar da kifi ke bi daga jirgi zuwa kwando. Ba su ƙara ko kifi ɗaya a teku ba. Tasha mai kyau ma, in ba a yi hattara ba, ƙarin jirage take jawowa. A ganina an fara da abin da ido ke gani, wanda ake iya ɗaukar hotonsa a buɗe shi da kiɗa, aka bar mai wuyar a baya: rage jirage, hana fitila, sanin ainihin masu jiragen ƙarfe, da samar wa saurayin Elmina wata sana'ar da ba teku ba. Kowanne cikin waɗannan yana jawo asarar ƙuri'a a garuruwan gaɓa, inda zaɓen Ghana kan yi zafi. Irin wannan gini aka yi a Jamestown ta Akra, inda aka buɗe wata tashar da kuɗin ƙasar Sin a 2024.

Rufe teku

Ba a ce ba a taɓuka komai ba. A 2018 gwamnati ta sanar da rufe teku na wata guda, masunta suka yi ca, aka janye. A 2019 aka rufe wa masu kwalekwale daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, lokacin da su suka zaɓa, wanda masana suka ce ba shi ne lokacin da kifin ke zuba ƙwai ba. Daga 2021 aka mayar da shi Yuli, wata ɗaya ga kwalekwale, wata biyu ga jiragen ƙarfe, ana raba wa iyalan masunta shinkafa da man girki. Sai ga wani abu mai kama da wasa: bikin Bakatue, ranar da Edina ke buɗe ruwanta bisa al'ada, ya riƙa faɗowa a makon farko na watan da gwamnati ta rufe teku. A 2023 aka dakatar da rajistar sababbin kwalekwale na shekara uku. Da gwamnati ta sauya, a 2025 aka cire masu kwalekwale daga rufewar, kamar yadda aka yi musu alkawari lokacin kamfe, aka bar ta a kan jiragen ƙarfe. A wannan shekarar kuma Shugaba John Mahama ya sa hannu a sabuwar dokar kamun kifi da ta faɗaɗa yankin masu kwalekwale daga mil 6 zuwa mil 12 na teku.

Wannan faɗaɗawa, in an tsare ta, za ta iya yi wa Elmina abin da dakali bai yi ba, domin a wannan yanki ƙananan kifin ke girma. Tsarewar kuwa na buƙatar jirgin sintiri da mai a cikinsa, da jami'in da ba a saye shi ba, da alƙalin da zai ci tarar da ta fi ribar laifin. Mil 6 ɗin da ake da su a da ma ai doka ce ta shata su, kuma ta cikinsu aka yi ta ratsawa.

A unguwannin da ke bayan tafkin murahun banda na nan a jere, hayaƙi na tashi kamar kullum. Sai dai a watannin da teku ta yi rowa, da yawa cikin matan ba bakin ruwa suke zuwa sayen kifi ba. Gidan sanyi suke zuwa, su sayi kwalin daskararren kifin da aka shigo da shi daga ƙasashen waje ta tashar Tema, su narkar, su jera a faifan waya, su gasa. Motar da za ta kai shi Kumasi na jira a bakin titi, mai saye a can kuma zai karɓa a matsayin kifin Elmina.